Dajin da Orrin Ya Dasa a Bakin Teku

Mama, yau wata huɗu ke nan da muka ƙetare da ke a jirgin fito, muka baro ki can tudu, inda ruwa ba ya tone mutane. Kin sha cewa in kin tafi kada a ɓata kuɗi a kawo miki fure, a kawo miki labari. To, ga labari, sai dai mai shi bai ji daɗinsa ba. Zan ba ki shi kamar na wani ne, domin in na ce "ni" a kowane layi kunya ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba. Rubutuna kuwa kin san shi, daga aji goma na gudu. Ki yi haƙuri da shi yadda kika saba.

Akwai wani saurayi a tsibirin Corvin, sunansa Orrin Gaskill, ɗan marigayiya Ila Mae mai masaukin nan mai ɗaki shida da ke ƙarshen titi. Dogo ne kamar sandar fitila, amma bakinsa ya fi shi tsawo. Bai taɓa gyara abu ya gyaru ba, bai kuma taɓa rasa bayanin dalili ba.

Duk baƙon da ya kwana a tsibirin, cikin kowace dala ɗari sai ya bar shida haraji, rabin shidan kuwa na yashi ne. Shekara biyar-biyar jirgin haƙa yake zuwa, ya zuƙo yashi daga ƙasan teku ya feso shi a gaɓa ta wani ƙaton bututu, teku kuma ya zauna ya lashe abinsa a hankali. A haka ake rayuwa, kowa ya saba.

A farkon Disamba aka kira taro a zauren 'yan kwana-kwana. Mis Verlene Quidley, shugabar majalisar gari, wadda ta koyar da rabin mutanen zauren tun suna fitsarin kwance, ta buga tebur da ƙasan kofinta.

"Bana kuɗin bai kai ba," in ji ta. "Guguwa ta kore mana baƙi sati uku a tsakiyar kakar baƙi. Bututu zai tsaya a tsohuwar gadar masunta."

Daga gadar zuwa masaukin Ila Mae taku ɗari uku ne, kuma a lokacin in ruwa ya cika, kumfarsa har ƙafar baranda take kaiwa. Orrin ya miƙe, kujerarsa ta kife bayansa.

"Mis Verlene, shekara talatin uwata tana karɓar muku harajin nan, tana kai muku a ambulan har da tsaba. Yanzu ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, za ku ja layi a gaban ƙofarta?"

Wani siririn mutum mai taswira ya yi gyaran murya. Shi ne Mista Pruitt, injiniyan da gunduma ta turo. "Ba ƙiyayya ba ce, samari. Yashi ba ya zama inda babu tudu a bayansa. Wajenku fili ne fetal. In mun zuba, sati biyu ya koma inda ya fito."

"Tudu?" in ji Orrin. "Tudu kawai? Ai da ka faɗa tun ɗazu! Ku kuna zubar da miliyoyi a ruwa. Ni ku ba ni kuɗin kofin da kuke sha a taro, in tayar muku da tudun da in ka hau kansa sai ka hango Turai."

"Orrin," Mis Verlene ta ce tana dubansa ta saman tabarau, "a aji huɗu na ba ka wake ka shuka a gwangwani. Me ya same shi?"

"Rana ce ta yi yawa a shekarar."

"Cinye shi ka yi. Ɗanye."

Zaure ya ɗauki dariya. Amma ko don Ila Mae, ko don a samu ya zauna, majalisa ta ware masa dala ɗari uku da hamsin daga kason ƙananan ayyuka. Washegari Mis Verlene ta zo da kanta, ta sa aka kafa turke a gaban masaukin, ta ja masa jan fenti daidai ƙirjinta.

"Ƙarshen Fabrairu yashi ya taɓa jan nan, sai mu ƙara bututu. In bai taɓa ba, ka nemi masu ɗaga gida su janye masaukin daga bakin ruwa. Ka gode wa Allah ni gajeruwa ce."

Yadda ake tayar da tudu a Corvin ba asiri ba ne. In Kirsimeti ya wuce, kowa ya jawo bishiyar da ya ƙawata a ɗaki don bikin zuwa gaɓa, a kwantar da su a jere, a danne da turaku. Iska ta kawo yashi, ganye ya tare, kafin zafi ya shigo sun binnu, ciyawa ta tsiro a kai. Matsalar dai mutanen tsibirin ba su kai ɗari huɗu ba, shi kuma Orrin ya riga ya ambaci Turai. Sai ya ƙetara gidan rediyon can tudu, ya kama makirufo da hannu biyu.

"Jama'a, kada ku yar da bishiyarku! Kowace iri ce, komai tsawonta, ku kawo Corvin, dala ɗaya nan take. Orrin Gaskill ne ke magana, mai kula da aikin gaɓa."

Ranar biyu ga Janairu jirgin fito ya iso ba a ganin tagoginsa. Kyaftin Tuck, mai jirgin, ya leƙo ta cikin rassa fuskarsa duk ƙaiƙayi.

"Kai Gaskill! Shekara ashirin ina tuƙa jirgi, yau na tuƙo lambu. Zo ka kwashe kayanka kafin tsuntsaye su yi min sheƙa a kai."

Orrin bai ce ta itace kawai yake so ba, kuma mutanen tudu ba su tambaya ba. Aka sauke masa ta roba, ta waya, mai ruwan azurfa, mai ruwan hoda. Wata tsohuwa ta miƙa masa tata da fitilunta da tauraronta, ta ce ta gaji da naɗe su duk shekara. Akwai wata kuma mai batir a gindi, ko yaya ka taɓa ta sai ta kama waƙar Kirsimeti tana kaɗa rassa.

"Roba ba ta ruɓewa," Orrin ya gaya wa masu kallo. "Tudunku na shekara biyar ne, nawa na jikokin jikoki."

Kuɗin ya ƙare kafin azahar ta kwana na biyu, motoci kuwa na nan a layi. Mutumin da ya yi magana a rediyo ba ya cewa ba shi da shi. Ya shiga ofishin uwarsa, ya yayyanka kwali, ya rubuta a kowanne: KWANA ƊAYA KYAUTA, ya sa hannu da ƙaton lanƙwasa. Ya raba kusan ɗari uku kafin labari ya kai wa Mis Verlene. Ta zo da takalmin ɗaki a ƙafarta.

"Orrin, nawa ne shida cikin ɗari na kyauta?"

Ya ɗaga kai sama yana motsa leɓe.

"Kada ka wahalar da kanka, babu ne. Ka ɗauki kuɗin haraji ka sayi hanyar da ba za a biya haraji ba. Ko da gangan aka ce wani ya yi, ba zai iya ba."

"Talla ke nan, Mis Verlene. A manyan birane haka ake yi."

"A manyan birane ɗaure mutum ake yi."

Bayan kwana uku Kawu Burl, wan Ila Mae, mai kamun kaguwa, ya biyo gaɓa don ya ga aikin ɗan ƙanwarsa. Ya tsaya cak, ya cire hula, ya sosa sanƙonsa, ya mayar. Bishiyoyi ne a tsaitsaye, sahu-sahu, kowace an haƙa mata rami an cusa gindinta, daga ƙofar masauki har kusa da ruwa.

"Kai ɗan nan, mene ne wannan?"

"Daji ne, Kawu."

"Na ga daji. Kwantar da su ake yi."

"Shi ya sa shekara ɗari kuna kwantarwa, teku yana matsowa. Duba nan. Bishiya a kwance kamu biyu take tarewa, a tsaye kamu shida. Shida ya fi biyu sau uku. Lissafi ne."

"Lissafin da ka baro a aji goma ne ya biyo ka har gida?"

"Masu sabon tunani kullum dariya ake musu da farko."

"Wasu har ƙarshe," in ji Kawu. Ya jingina da wata 'yar bishiya don ya kakkaɓe takalmi, ita kuwa ta fashe da waƙa. Tsohon ya yi tsalle irin wanda bai yi ba tun yana soja, ya tafi yana zagin da fasto ba zai so ji ba.

Kowa ya zo ya faɗi tasa. Matar fasto ta ce a kwantar. Mai shagon ƙugiya da tsutsa ya ce a kwantar. Har mai kawo wasiƙa ya tsayar da motarsa ya yi ihu ta taga, "A kwance, Orrin!" Duk wanda ya faɗa, sai Orrin ya ƙara sahu ɗaya. Ya shiga da a-kori-kurar uwarsa har bakin ruwa don ya rage wa kansa ɗauka, ta nutse har cibiya, ruwa ya ciko, sai da mutum biyar da taraktan coci suka jawo ta, kaguwa biyu na zaune a kujerar direba. Ya ce dama ƙarƙashinta yana son wanki.

Abin haushi, dajin ya yi kyau. Da safe in rana ta fito daga ruwa, sai ta kama masu ruwan azurfa ta kunna su ɗaya bayan ɗaya, korayen kuma su yi duhu a tsakani, ƙanshin itace ya gauraya da na gishiri. Mafarautan agwagwa suka fara tsayawa ɗaukar hoto. Wasu tsofaffin miji da mata suka zo daga nesa suka sabunta alkawarin aurensu a sahu na tara. Orrin ya samo hular kyaftin a akwatin mahaifinsa, ya rataya allon rubutu a wuya, yana zagayawa da baƙi.

"Wannan salon ni na ƙirƙiro. Mutanen nan suna ce min injiniya, ni dai ba na son yabo."

Ba wanda ya taɓa ce masa injiniya. Daga ranar kuwa kowa ya fara, da irin muryar da ake kiran kare mai ƙafa uku Sarkin Gudu.

Iska kuma tana nata aikin. Ta samu ƙofa a ƙarƙashin rassa, ta riƙa bi da gudu kamar ɗalibai an tashi makaranta, tana kewaya gindin kowace bishiya tana ƙwaƙule shi kamar kwano. Yashin bai ɓata ba, ya dai canza wuri: yana ɗaki na biyu, wanda ƙofarsa ta daina buɗuwa, yana cikin tukunyar kofi, yana filin ajiye motocin coci har sai da aka yi addu'ar Lahadi da shebur. Jan fentin da ke daidai ƙirjin Mis Verlene ya hau ya kai haɓar Orrin.

Orrin ya daɗe yana kallon turken. Sannan ya shiga rumfa ya ɗauko guduma.

In yashi ya ƙi hawa wurin ja, ai ja yana iya sauka wurin yashi. Duk Litinin da sassafe yana ba turken duka goma. Sati na huɗu Kawu Burl ya biyo da kofinsa a hannu.

"Injiniya, turken Verlene na gajarcewa kamar tsohuwa."

"Tudu ne ke hawa, Kawu."

"To me ya sa kansa ya faffashe kamar jaki ya tauna?"

"Gishiri ne. Gishiri na cin itace."

"Daga sama? Da sawun guduma?" Ya kurɓi kofi. "Ni ban ga komai ba. Amma uwarka da ta gani, da da wannan gudumar za ta bi ka."

Saura sati ɗaya bishiyoyin suka fara kifewa, gindinsu ya fito fili. Orrin ya tayar da wannan, waccan ta faɗi. Dabara ta zo masa, irin wadda kan zo wa mutum don ta halaka shi. Ya je rumfar Kawu, ya ari igiyar tarkon kaguwa ba tare da ya tambaya ba, igiya mai tsawon da za ta kewaye garin. Ya ɗaure bishiya ɗari shida da 'yan kai, kowace da maƙwabciyarta, ƙulli biyu-biyu. Ƙarshen igiyar ya nemi abin da ba ya motsi, ya ɗaura a ginshiƙin barandar masauki.

"Yanzu ko ɗaya ba za ta ɓata ba," ya ce. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ranar ƙarshe ta Fabrairu ta waye da sama ruwan toka, iska daga arewa maso gabas, tuta a miƙe kamar an goge ta. Tun da hantsi masunta suka shige da jiragensu cikin rafi suka ɗaure. Kawu ya ce a ɗage taron.

"Gwiwata ta faɗa, rediyo ya faɗa, tsuntsaye duk sun gudu."

"Gara haka," in ji Orrin. "A ga aikin a ranar aiki."

Ya gayyaci kowa da kowa, har da masu kwalin kwana kyauta, waɗanda suka ciko jirgin safe don su ga inda bishiyoyinsu suka ƙare. Aka ɗora kawa, wato dodon-koɗin teku, a kan faifan ƙarfe, aka rufe da jiƙaƙƙen buhu, tururi na tashi iska na kwashewa. Matan coci suka kawo miyar kifi da burodin masara. Mista Pruitt ya iso da ma'auninsa, ya durƙusa gaban turken. Jan fentin yana daidai idon sawunsa. Ya dubi turken, ya waiwaya ya dubi matakalar masaukin, wadda da can take zaune a kan yashi, yanzu tana lilo a sama, kare na wucewa ta ƙarƙashinta ba ya sunkuyawa. Ya buɗe baki.

Orrin bai bar shi ba. Ya haye baranda, ya ɗauki lasifikar 'yan kwana-kwana.

"Jama'ar Corvin! Manyan baƙi! Sun ce ba zai yiwu ba. Sun ce a kwantar. Na ce a'a! Yau shekara dubu teku yana yi mana yadda ya ga dama, amma daga yau, a nan, ga iyakarsa. Ina gaya masa a gabanku: in ka isa, ka zo!"

Ya zo.

Taguwar ruwa ta farko ta shiga sahun gaba a hankali, kamar mai neman wurin zama. Ta biyu ta ɗaga su. 'Yar bishiyar batir ta kama waƙa. Sai sahu na ɗaya ya tashi ya bi ruwa, ya ja na biyu, na biyu ya ja na uku, suna fita a natse bi da bi kamar an tashi daga coci. Mutane suka kwashi kwanoni suka gudu kan titi. Igiya ta fito daga yashi, ta miƙe, ta yi ƙara kamar tsirkiya.

"Orrin, sauko!" Mis Verlene ta ƙwalla.

"Kada kowa ya tsorata!" ya amsa ta lasifika. "Yanzu za ku ga amfanin ɗauri!"

Suka gani. Baranda ta yi wani dogon kuka, ƙusoshi suka fita ɗaya-ɗaya, ta rabu da ginin cikin ladabi, ta zame kan yashi, ta shiga ruwa da kujerun lilo biyu, da tukunyar fure, da Orrin Gaskill a tsaye da hular kyaftin.

"Injiniya, ina zuwa?" Kawu ya yi ihu, hannu biyu a baki.

"Ƙarfin igiyar nake gwadawa!"

"Igiyar wa?"

Orrin ya yi kamar iska ta hana shi ji.

"Igiyata ce! Ɗan banza, igiyata ce!"

"In ka isa Turai ka gaishe su!" in ji Mis Verlene, amma hannunta na kan ƙirji, tana tura Kawu wajen jirginsa.

Ruwan gaɓar nan kudu yake ja. Daji ya kama hanya, baranda na biye da shi kamar ɗan maraƙi. Garin kaf ya shiga motoci yana bin su ta titi, ana danna oda, masu kwali na ɗaukar hoto, wata mata tana nunawa tana cewa, "Ga tamu can, mai ruwan hoda!" Orrin ya ga ba abin yi, ga jama'a na kallo, sai ya zauna a kujerar lilo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Taguwa ta zo ta ɗauke kujerar da ke gefensa, ta dawo ta ɗauke hular. Daga nan ya rungume ginshiƙi, kuma abin da ya riƙa faɗa ta lasifika ba jawabi ba ne.

Suka zagaya ƙarshen tsibiri daidai lokacin da jirgin fito ke fitowa daga mashigi don ya tsere wa iska. Kyaftin Tuck ya ga daji na nufo shi a kan ruwa, yana waƙa. Ya busa ƙaho, ya ja baya, ya zagi kakannin Gaskill har na bakwai, amma igiyar kaguwa ta riga ta sami farfela, ta naɗe ta kamar zare a mazari. Injin ya yi tari ya mutu. Bishiya ɗari shida suka taru a bakin mashigi suka toshe shi ƙam.

Kawu Burl ne ya iso da ƙaramin jirginsa, ya sa ƙugiyar jan tarko ya kamo Orrin ta bayan wando, ya ɗago shi yana ɗiga a gaban mutanen gari da baƙi arba'in da ke kan jirgi. Wandon bai kai ƙarshen tafiyar ba. Aka tafa.

Kwana uku jirgi bai motsa ba. Karo na farko a tarihin masaukin, ɗakunansa suka cika maƙil a watan sanyi, har ana kwana a ofis. Da safe kowa ya zo gaban tebur ya ajiye kwalinsa, ya yi godiya.

Aka sake kiran taro a zauren 'yan kwana-kwana. Orrin ya zauna a baya cikin bargo, yana atishawa. Mista Pruitt ya shimfiɗa taswira, ya daɗe yana shafa goshi.

"Shekara goma sha tara ina wannan aiki," ya ce. "Na ga abin da guguwa ke yi. Ban taɓa ganin mutum ɗaya ya riga ta ba. Da can masauki ne kaɗai ke cikin haɗari, kuma masauki na mai shi ne. Yanzu gaɓar ta rame har ruwa na taɓa titi, titin kuwa shi ne hanya ɗaya tak zuwa jirgi. Titi ba a barinsa. Dole bututu ya wuce gada, ya kai har bayan masaukin. Gunduma za ta cika abin da harajin bai kai ba."

Bargo ya motsa. Orrin ya miƙe a hankali.

"To ai," ya ce, "abin da na tsara ke nan tun farko."

Hular Kawu ta same shi a ƙeya. Mis Verlene ta jawo takarda ta tura masa da alƙalami.

"Za ka tsamo kowace bishiya daga mashigi da hannunka. Za ka saya wa Burl igiya. Sannan ka sa hannu a nan, ka karanta da ƙarfi kowa ya ji."

Ya karanta: "Ni, Orrin Gaskill, na yi alkawari ba zan sake taimakon garin nan ba."

Aka ce amin kamar a coci.

To, Mama, kin ji. Bututu zai zo a watan Mayu. Masaukinki zai tsaya, sai dai ba baranda, kuma kujerarki ta lilo tana wani wuri tsakaninmu da Turai. Na tsamo ɗari huɗu da tara, hannuna duk ƙaro. Yara na bi na suna Injiniya, ina amsawa, don na ci sunan.

Kowa a garin nan ya ɗauka ban san kwantar da su ake yi ba, ko kuma girman kai ne ya hana ni ji. Na bar su a haka, ya fi sauƙi. Amma ke kin san na sani, tun ina shekara shida nake riƙe miki turke kina bugawa. Ranar farko, kafin kowa ya fito, na kwantar da guda bakwai yadda kika koya min, kai duk gefe ɗaya, na danne su da kyau. Na ja da baya don in ga ko layin ya miƙe. Sai iska ta taso, ta fara yayyafa musu yashi a hankali, daga ƙafa zuwa sama, su kuma sun yi shiru a jere ba mai motsi. Na tsaya ina kallo har ya rufe rassan ƙasa na ta farko. Ban iya ba, Mama. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na tayar, na kakkaɓe musu yashin da hannuna. Zancen kamu biyu da kamu shida kuwa, sai da na hango Kawu tafe na ƙirƙiro shi.

Wannan ban gaya wa kowa ba tukuna.